Mahaifina, Kawun Mutanen Azare

Da muka dawo daga kai Baba makwancinsa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ni aka zaunar a tsakiya, tunda ni ne ɗansa na fari. Na san waɗanda nake sa ran gani: limamin unguwa, maƙwabta, tsofaffin abokan aikinsa na gidan rediyo, da danginmu na Katagum. Duk sun zo. Amma bayansu sai ga wasu mutane da ban taɓa ganin fuskarsu ba, samari da magidanta da mata, wasu a babur, wasu motar haya suka cika tun daga Dambam. Kowa ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Kawu."

Da farko na ɗauka gidan suka ɓata. Sai da na ga idonsu yana tsallake kafaɗata yana leƙen zaure, suna tambaya ko Anti tana ciki, sannan na gane. 'Yar Goggo suke nema, ɗiyar ƙanwar Baba, taubashiyata, wadda take da shafin labarai a intanet. Ita take ce masa Kawu, don wan mahaifiyarta ne, kuma ta bakinta suka san shi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana magana a rediyo, ya haife ni, ya koya mini aikin da nake ci da shi har yau, ya rasu gari yana kiransa da sunan da wata take kiransa.

Wani saurayi mai gyaran waya a bakin tashar mota ya zauna a gabana yana share hawaye da hularsa. Da ya natsu ya dube ni ya ce, "Malam, kai ma ɗan uwansa ne?"

Na ce masa e, muna da dangantaka.

Mutum ɗaya ne ya zo da kalmar da nake jira. Tsohon injiniyan tashar rediyon da Baba ya yi aiki, Kirista ne mutumin kudancin Bauchi, wanda da ya yi ritaya ya ƙi komawa gida ya zauna a Azare. Ya zo yana dogara sanda, ya ƙi kujerar da aka kawo masa, ya zauna a tabarma ya riƙe hannuna ya ce, "Babanka ya tafi." Sannan ya juya ga samarin nan masu waya ya ce, "Ku da furfura kuka san shi. Ku matso in ba ku labarin cigiyar gero."

Labarin na san shi tun ina ƙarami, amma na bar shi ya bayar. A zamanin soja ne, wata shekara da kogin Jama'are ya cika ya tumbatsa, ya shafe gonaki da ƙauyuka a ƙasar Katagum. Baba ne mai ɗauko rahoton wannan yanki. Ya hau babur har inda hanya ta ƙare, masunta suka ɗauke shi a kwalekwale, rikodarsa a naɗe cikin leda ya ɗora a ka. Ya tarar da mutane a kan wani tudu su da awakinsu, suna dafa ganye. A ranar kuwa tashar tana ta sanar da cewa hatsin agaji ya isa hannun kowa. Wata tsohuwa ta ce masa a cikin rikodar, "Ɗana, in an kawo gero, to kifi aka kawo wa." Ya aika kaset ɗin, ba a sa ba. Aka kira shi aka ce ya cika son tayar da hankali, aka karɓe rikodar, aka mayar da shi karanta sanarwar mutuwa da cigiya: wanda akuyarsa ta ɓata, wanda ya yar da makullin shago.

Ya yi ta karantawa ko gunaguni babu. Rannan da yamma, tsakanin cigiyar wani jaki mai farin hanci da ta agogon hannu, sai aka ji shi da muryarsa ta kullum yana cewa, "Mutanen ƙauyukan da ruwa ya ci a ƙasar Katagum suna cigiyar buhunan gero da aka aiko musu. Wanda ya gani, don Allah ya kai gidan mai unguwa mafi kusa." Ya wuce kan agogo.

Injiniyan ya ce, "Hannuna yana kan abin katse magana, ban katse ba. Da aka tara mu a ofis, tun ba a tambaye ni ba sai ya ce ai ni na fita zagayawa a lokacin. Ƙarya ya yi domina. Shi aka dakatar, ni na ci gaba da aiki, 'ya'yana suka gama makaranta. Geron ma an kai, ko da yake ba duka ba."

Samarin suka yi ta jinjina kai. Ashe ɗaya daga ciki ya ɗaga waya yana ɗauka. Kafin magariba labarin yana shafin 'yar Goggo, mutane suna ta rubuta addu'a a ƙasa. Labarin da na taso ina ji a tsakar gidanmu, ina ganin namu ne, ya zama na kowa a wuni ɗaya, kuma ta hannunta.

Baba doguwar riga ɗaya ce ta fi masa kowace, mai manyan aljihu, dabino a dama, ƙuliƙuli a hagu. Da su yake wuni in ya je taron manya. Za a jera shinkafa da kaji a kira 'yan jarida, shi kuwa ya koma gindin bishiya yana ƙwar-ƙwar da ƙuliƙulinsa. In an matsa masa sai ya ce, "Bakin da ya ci ba ya tambaya." Yana jera tsofaffin batura a kan katanga su sha rana, wai suna farfaɗowa, Inna, mahaifiyarmu, kuwa ta ce kaji ne kawai suke amfana, don suna samun abin turewa. Bai iya jinkirta labari ba. "Labari kifi ne," in ji shi, "in ya kwana sai kyafa." Yana da zafin rai kan kuskuren suna. Ka ce Malam inda ya kamata ka ce Alhaji, ko ka sa mutumin Udubo a Gamawa, sai ya yini bai yi maka magana ba.

Da na gama karatu na shiga tashar da ya bari, shi ya koya mini abin da ba a koyarwa a aji. Soja sun tafi, farar hula sun zo, amma takardar da ake miƙo wa mai karanta labarai ba ta canja ba, hannun da yake miƙowa ne ya canja. Ya ce mini, "In an rufe ƙofa ba a fasa bango. Ka nemi inda kaza take shiga." Ya koya mini wane labari ake ajiyewa kusa da wane, don mai saurare ya haɗa da kansa. Ya koya mini inda ake rage murya, da inda ake tsayawa a ja numfashi. "Shirun da ke tsakanin labari da labari shi ma labari ne, kuma babu editan da ya iya yanke shi." Kullum in na dawo daga aiki zan same shi da rediyo a cinya, ya riga ya tanadi gyara. Ka yi sauri a nan, ka haɗiye wasali a can. Ina jin haushi a lokacin. Ban san gata ba ne.

'Yar Goggo ba ta karanta aikin jarida ba. Atamfa da turaren wuta take sayarwa ta waya, tana ɗora hotuna, mata suna tayawa. Wata rana ta kai kaya wani ƙauye ta ga makarantar firamare rufinta a ƙasa, yara suna zaune a inuwar bango. Ta ɗauka ta ɗora, ta rubuta layi biyu. Makarantar kuwa tana cikin waɗanda tasharmu ta ce an gyara. Ba a yi nisa ba aka kawo kwano aka rufa. Daga nan mutane suka fara aiko mata: rijiyar burtsatse da aka ƙaddamar ba ta taɓa kawo ruwa ba, kwalbatin da ya rufta, ma'aikatan da aka cire sunansu. Atamfa ta koma gefe.

Baba bai so abin ba. Ya ce wannan ba jarida ba ce, tsegumi ne mai hoto. In ta zo gaishe shi sai ya ce, "Ga gidan rediyo mai gyale ta iso." Ni kuwa ina taya shi, da ma tsakanina da ita wasan taubasai ne, ba a jin haushi. Wata rana ina zaune ya ce, ba da ni yake ba, da kansa yake, "Abin da na tsufa ina zagayawa, yarinyar nan ta faɗe shi tana cin gyaɗa." Kyashi ne a muryarsa, tsantsa. Na ji daɗi da na ji shi, don na ɗauka gefe ɗaya muke.

Faɗansu na gaske ya zo ne kan wani ma'aikacin lafiya a wajen Udubo. Wani ya aiko mata hoton mutumin yana ɗora kwalayen magani a babur, ya ce sayarwa zai kai. Ta ɗora ba ta tambaya ba. Kafin la'asar an zage shi, an zagi iyayensa, an gano gidansa, matarsa ta kasa fita ɗibar ruwa. Ashe rugar Fulani yake kai maganin, kuma da man babur ɗinsa.

Baba ya aika aka kira ta. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya ce, "Kin tambaye shi?"

Ta ce, "Kawu, ai hoto ba ya ƙarya."

"Hoto ya gaya miki inda babur ya nufa?"

Ta ce ai za ta goge. Ya ce, "Ki goge a wayarki. A zuciyar matarsa wa zai goge?" Ta ɗaga murya ta ce su masu rediyon gwamnati da suke ƙarya safe da yamma wa ya taɓa sa su ba da haƙuri? Ta faɗa tana kallona. Goggo ta daka mata tsawa daga ɗaki. Baba ya ce mijin 'yar Goggo ya nemo mota. Washegari, da ciwon ƙafarsa da idonsa da ya fara hazo, ya shiga gaba suka tafi Udubo. Ya zauna a ƙofar gidan mutumin ya ba shi haƙuri kamar shi ya yi laifin, sannan ya sa ta kunna wayar ta maimaita a gaban jama'a. A hanyar dawowa, in ji mijinta, magana ɗaya ya yi: "Wayar nan baki gare ta, ba ta da kunne. Ke za ki zama kunnenta."

Na zaci daga nan ya gama da ita. Ashe daga nan suka fara.

Kullum bayan la'asar sai ta zo zaure da wayarta. Ta karanta masa abin da za ta ɗora, ya rufe ido yana saurare. "Wa ya gani da idonsa? Wanda ake zargi me ya ce? Cire wannan kalma, zagi ce." In mutumin ya ƙi ɗaukar waya, ya ce ta rubuta cewa ya ƙi ɗauka. In ta gama ta karanta masa abin da mutane suka rubuta a ƙasa, har da masu zagin, yana dariya yana cewa, "Ƙara karanta na wancan." Ita ta fara ɗora maganganunsa, wai Kawu ya ce kaza. Mutane suka riƙa tambaya, yau me Kawu ya ce?

Ni kuwa sai in dawo daga aiki in tarar da su. In yi sallama, ya amsa bai buɗe ido ba, ya ɗaga mini hannu in jira ta kai aya. Rediyon yana kan taga, ƙura ta hau shi. Ba ya tanadar mini gyara kuma. Wata rana da gangan na faɗi sunan wani hakimi ba daidai ba a labaran rana, na dawo gida ina jiran faɗa. Ya tambaye ni lafiyar yara. Na yi ta roƙonsa ya zo tasha in yi hira da shi kan rayuwarsa, ina da ɗakin ɗaukar magana mai sanyi da makirfo mai kyau. Ya ce, "Me zan faɗa a can da za a bari ya fita?" Inna ta lura da ni. Ta ce, "Kai da girmanka kana kishi da ƙanwarka?" Na ce ni ba kishi nake ba, ina jiye masa ne kada yarinya ta ja masa magana da tsufansa. Inna ta ce, "To."

Maganar ta zo kuwa, a farkon wata damina. Aka yi gagarumin taron rabon takin zamani a Azare, aka jera tireloli, aka yi jawabi, aka miƙa wa manoma 'yan buhuna a gaban kyamara. Da manya suka watse, tirelolin suka tayar suka fice da kayansu. 'Yar Goggo ta bi su a motar mijinta tana ɗauka. Ranar kasuwar Dambam ta ɗauko buhunan a rumfunan 'yan kasuwa, da rubutun ba na sayarwa ba ne a jikinsu. Ta kira ofishin da abin ya shafa, suka ƙi magana, ta rubuta cewa sun ƙi. Baba ya saurara har ƙarshe ya ce babu abin cirewa.

Sojojin baka suka fara, samarin nan da 'yan siyasa suke saya wa data don su yi zagi a madadinsu. Suka ce 'yan adawa ne suka saye ta. Suka haɗa hotonta da na wani namiji suka yaɗa. Da abin bai hana mutane kallo ba, sai aka zo da mota har gidanta da hantsi, tana wanke-wanke, aka tafi da ita da wayar. Wai ɓata suna da tunzura jama'a.

A ranar shugaban sashenmu ya miƙo mini takarda. An raba taki a kowace mazaɓa, wata mata ce take yaɗa ƙarya, jama'a su yi watsi da ita. Ya ce ni zan karanta, kuma ya san abin da ya sa ya zaɓe ni, don ya san 'yar'uwata ce. Ina da 'ya'ya a makaranta, ritayata ba ta kusa ba. Na karanta, kalma bayan kalma, da muryar da Baba ya gina mini. Da na kai ƙarshe na tsaya na ja numfashi fiye da yadda aka saba. Sannan na jawo rahoton kasuwanni, wanda wurinsa can ƙarshe ne, na sa shi nan take: "A kasuwar Dambam kuwa, takin zamani ya wadata a wannan mako, sababbin buhuna irin waɗanda ba a saba gani a hannun 'yan kasuwa ba." Shugaban nan Baba ne ya koya masa aiki, ya san inda kaza take shiga. Kafin gari ya waye an ɗauke ni daga labarai an mayar da ni shirin gaishe-gaishe.

Lokacin da nake wannan, Baba yana ƙofar ofishin 'yan sanda. Ya sa mijin 'yar Goggo ya kai shi, ya shimfiɗa buzunsa a gindin wata darbejiya ya zauna. Aka ce ya tashi, ya ce ƙafarsa ciwo take. Sannan ya ce wa mijin, "Kunna taka wayar." Ya dubi wayar, ko in ce ya dubi inda yake jin wayar take, ya faɗi sunansa da tashar da ya yi wa aiki. Ya ce ya karanta ƙarya da bakinsa a zamanin soja da na farar hula, ya san ƙamshinta. Ya ce duk abin da yarinyar nan ta ɗora shi ya duba shi, in akwai laifi nasa ne, ga shi a zaune, a zo a ɗauka. Babu zagaye, babu cigiya, babu karin magana. Tunda nake ban taɓa jin ya faɗi abu kai tsaye haka ba.

A wayar wani abokin aiki na gani, a farfajiyar tasha, mutane sun kewaye shi. Hoton yana rawa, iska tana kaɗa maganar, ana jin ƙarar babura. Abin da ya fara zo mini ba tsoro ba ne, ba alfahari ba. Cewa na yi a raina, da a wurina ya yi, da ba a ji ƙarar babur ba.

Kafin azahar ta washegari gindin darbejiyar ya cika, manoma da 'yan kasuwa da lauyoyi biyu da ba wanda ya kira su. Aka ba da belinta. Shari'ar tana nan har yau, ana ɗagawa, wayarta ta farko ba a dawo da ita ba, kuma duk wanda ya aiko mata labari yanzu sai ya roƙa kada a faɗi ƙauyensa. Amma ta fito ana rangaɗa guɗa, ta faɗa jikin Baba, hoton ya zagaya ko'ina. Ni ina tasha ina karanta gaisuwar wani direba zuwa ga surukarsa. Wasu a unguwa sun daina amsa sallamata da sakin fuska, don sun ji ni na karanta takardar. Sauran ba su ji komai ba, don ba sa kunna mu.

Ban yi masa maganar ba sai da ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Wata safiya na same shi shi kaɗai, Inna ta fita dama masa kunu. Na gyara masa matashi na ce, "Baba, ranar da aka kama ta, ka ji labaran rana?"

Ya ce, "Da rediyon na tafi a aljihu. Na ji."



Ya ƙara da cewa, "Na ji inda ka tsaya. Na ji ka jawo kasuwa gaba. Ko ni ban fi haka ba."

Na ce, "Ba ka ce komai ba."

"Me zan ce? Ni da kai da shugabanka, mu kaɗai muka ji a duk ƙasar nan. Na koya maka magana da mutanen da suke kasa kunne, kafin ka ƙware sun tashi." Ya yi tari ya huta. "Kai aikinka ba ya neman gyara, shi ya sa na bar ka. Ita kuwa takobi aka ba ta babu kube."

Na ce, "Amma a wayar mijinta ka yi magana."

Ya yi murmushi, idonsa a rufe. "Kishi ne ya kai ni. Na ce kafin in mutu sai na ɗanɗana abin da yarinyar nan take ci kullum."

"Ya ka ji?"

"Daɗi," in ji shi. "Kada ka bari a gaya maka babu daɗi."

Na so maganar nan ta wanke mini zuciya. Ta wanke rabi. Da la'asar 'yar Goggo ta zo da wayarta, na ji muryarsa ta tashi kamar ba shi ne ya kasa shan kunu da safe ba, na fita na zauna a ƙofar gida.

Bayan sadakar bakwai na rubuta abin tunawa da shi na kai tasha, ina ganin ko ba komai sun san haƙƙinsa. Shugaban ya karɓa da hannu biyu, ya yi masa addu'a har idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya ɗauki biro. Ya ce cigiyar gero a bar ta, an daɗe, kada a tayar da tsohon miki. Maganar gindin darbejiya kuwa ai na sani da kaina ba za ta fita ba. Abin da ya rage shi ne an haife shi a Katagum, ya yi aiki da gaskiya da riƙon amana, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya da jikoki. Na karɓi takardata na ce na gode.

Na sami 'yar Goggo a tsakar gidanmu tana taya Inna tsince shinkafar baƙi. Ta rame. Tun rasuwar ba ta ɗora komai nata ba. Na tsaya a kanta na ce ina da rubutu kan Baba, mai tsawo, kuma akwai ita a ciki, ba duka ne zai yi mata daɗi ba.

Ta ce, "Yaya, in zagina ka yi ai taubashi ne, halal ɗinka."

Na ce ba zagi ba ne, ya fi zagi nauyi. Na ce ba ni da wurin da zan kai shi sai wurinta. Wannan kalma ta yi mini wuyar fita, ita ma ta san haka, don ba ta ɗago kai ba, ta ci gaba da tsince tsakuwa.

Can ta ce, "Zan ɗora yadda ka rubuta, ko wasali ba zan taɓa ba. Amma ka san manyanku na tasha suna karantawa. Da suna za a sa, ko babu suna?"

Inna ta tsayar da hannunta a cikin faranti. Na tuna 'ya'yana, na tuna biron shugaba, na tuna motar da ta zo da hantsi.

Na ce, "Ki sa ɗansa na fari."

Ta ce, "Duk Azare an san ko wane ne."

Na ce, "Na sani."

Allah ya yafe wa Baba abin da ya karanta ba da son ransa ba, ya karɓi abin da ya faɗa da son ransa, ya yalwata masa makwanci. Mu da ya bari, mai makirfo da mai waya, Allah ya sa in tamu ta zo mu cika da imani.